Wanda Aka Ce Ba Zai Iya Ba

A al'adar mutanen Asante na ƙasar Gana, ranar da aka haifi yaro ita ke ba shi suna, kuma ana ganin har hali take ba shi. Namijin da aka haifa ran Litinin sunansa Kwadwo, ana sa ran zai tashi da sanyin hali da gudun fitina. Wanda ya zo ran Laraba shi ne Kwaku, shi kuwa tun yana zanen goyo an riga an ce zai yi zafin kai da neman rigima. A shekarar 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Gustav Jahoda, wanda ya yi aiki a ƙasar tun ana kiranta Gwalkwas, ya wallafa abin da ya gano a takardun kotun yara masu laifi. Masu suna Kwadwo sun yi ƙaranci a cikin takardun, masu suna Kwaku kuwa sun yi yawa a laifuffukan da suka shafi faɗa da taɓa lafiyar mutane. Babu mai hankalin da zai ce Laraba na zuba wa jariri wani abu a jini. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, in Kwaku ya mari ƙaninsa sai a ce ai dama halinsa ne, in Kwadwo ya yi haka sai a ce yau kuma me ya same ka, wannan ba halinka ba ne. An nuna wa ɗaya cewa laifin nasa ne na gado, an nuna wa ɗayan cewa laifin baƙo ne a wurinsa, kuma kowannensu ya ji abin da aka gaya masa.

Bincike ɗaya a wuri ɗaya bai isa a kafa hukunci a kansa ba, kuma irin waɗannan bincike suna da rauninsu da za a zo kansa. Amma tambayar da ya tayar tsohuwa ce a wurinmu. Bahaushe ya daɗe yana tsoron baki: bakin uwa, bakin malami, bakin jama'a. In yaro ya lalace bayan an daɗe ana ce masa ba zai yi albarka ba, sai a ce baki ne ya kama shi. Ra'ayina shi ne akwai gaskiya a cikin wannan tsoro, sai dai hanyar da abin yake bi a fili take, ana iya bin sawunta taki-taki. Mummunan zato ba ya rage wa mutum basira. Abin da yake ragewa shi ne yawan damar da ake ba shi ya gwada, daga baya kuma yawan gwajin da shi da kansa yake yarda ya yi. Gonar da aka ce fako ce ba a kai mata taki, ba a ba ta iri mai kyau, in kaka ta yi ba ta ba da komai ba sai mai ita ya ce kun gani ko. Zaton da ya hana gwaji ya toshe hanya ɗaya tilo da za a iya ƙaryata shi, shi ya sa yake daɗewa har ya koma kamar sanin kowa.

Masanin zamantakewa Robert Merton na Amurka ne ya fara tsara wannan tunani a rubuce, a 1948. Ya kawo misalin bankin da ke lafiya lau, sai jita-jita ta tashi cewa zai karye, masu ajiya suka yi dogon layi kowa na son kuɗinsa, bankin kuwa ya karye don babu bankin da ke ajiye kuɗin kowa a akwati lokaci guda. Misalinsa na biyu ya fi ciwo. Ƙungiyoyin ƙwadago na Turawan Amurka sun ƙi karɓar baƙar fata, wai su masu karya yajin aiki ne. Da aka rufe musu ƙofar ƙungiya, aikin da ya rage musu shi ne wanda masu masana'antu ke bayarwa lokacin yajin aiki, suka karɓa don ciyar da iyali, waɗanda suka kore su kuma suka samu hujjar da suke nema.

Matakin farko ke nan, kuma ba ya buƙatar wanda ake zargi ya yarda da komai. Zaton da ke zuciyar mutum yana fitowa a mu'amalarsa ko bai yi niyya ba. A 1974 wasu masu bincike uku a Jami'ar Princeton, Word da Zanna da Cooper, suka sa ɗalibai farar fata su yi wa masu neman aiki tambayoyi, suna kallonsu a ɓoye. Idan mai neman aikin baƙi ne, mai tambayar yakan ja kujerarsa nesa kaɗan, harshensa ya riƙa sarƙewa, ya kuma gama ganawar da wuri. Babu zagi, babu ɗaure fuska. Sai masu binciken suka juya abin: suka horar da masu tambaya su yi wa wasu farar fata irin wannan mu'amalar, kujera nesa, magana a sarƙe, sallama da wuri. Alƙalan da suka kalli hoton ganawar ba tare da sanin abin da aka shirya ba suka ce waɗannan masu neman aikin sun fi rikicewa kuma ba su kai sauran cancanta ba. An ga irin wannan a wurin aiki na gaske a wani bincike da aka wallafa a 2017 kan manyan kantunan kayan masarufi a Faransa. Masu karɓar kuɗi 'yan asalin Afirka, a ranakun da aikinsu ya faɗo ƙarƙashin manajan da aka auna aka ga yana da ƙyamar irinsu, sun fi yin fashin aiki, hannunsu ya fi nauyi wajen lissafa kaya, sun fi jinkiri tsakanin mai saye da mai saye. A ranakun da suke tare da manajan da ba shi da wannan ƙyama, aikinsu ya zarce na sauran ma'aikata. Abin lura, ma'aikatan ba su ce manajojin na cin mutuncinsu ba. Manajojin dai ba sa kula su ne, ba sa tsayawa su yi magana da su. Mutum ɗaya ne da hannu ɗaya, amma in manajan farko ne zai rubuta rahoto a kansa, zai rubuta malalaci, kuma a iya abin da ya gani bai yi ƙarya ba.

A makaranta abin ya fi fitowa fili, domin a can mai zaton shi ne ke raba ilimin. Binciken da ya fi shahara shi ne na Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, wanda suka wallafa a 1968. A wata firamare a Kalifoniya suka yi wa yara jarrabawa, suka gaya wa malamai cewa sakamakon ya nuna wasu yara, kimanin ɗaya cikin biyar, suna gab da buɗewar basira. Alhali sunayen an tsamo su ne da ka, babu abin da ya bambanta su da sauran. A ƙarshen shekara waɗannan yaran, musamman na aji ɗaya da aji biyu, sun fi sauran ƙaruwa a jarrabawar. Daga baya Rosenthal ya bayyana hanyoyin da zaton malami ke bi: sakin fuska, yawan abin da ake koya wa yaro, damar da ake ba shi ya amsa, da irin gyaran da ake yi masa. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare mai yara tamanin ya san yadda wannan yake. Malam ya jefa tambaya ga yaron bencin gaba, yaron ya yi shiru, malam ya jira, ya sake tambayar da wasu kalmomi, ya ɗan buɗe masa bakin amsar, har ya faɗa. Ya jefa wa na bencin baya, wanda aka riga aka sani da daƙiƙi, kafin yaron ya gama miƙewa an ce zauna, wa zai taimake shi. Na farko ya samu darasi a cikin rabin minti, na biyu ya samu tabbacin abin da ake faɗa a kansa, 'yan aji kuma sun yi dariya. Malamin ba mugu ba ne, lokaci yake tattali. Amma a maimaita wannan kullum har shekara shida.

Mataki na biyu shi ne inda mutum ya karɓi zaton ya mayar da shi nasa, kuma daga nan ba a buƙatar manaja ko malami a wurin. Karla Hoff da Priyanka Pandey sun gwada wannan a ƙauyukan jihar Uttar Pradesh ta Indiya a farkon shekarun 2000. Suka tara yara maza 'yan aji shida da bakwai, wasu daga zuriyar da ake ɗauka mai daraja, wasu daga zuriyar da ake ƙasƙantarwa, suka ba su wasan gano hanyar fita a zanen da aka cukurkuɗa, ana biyan kowa kuɗi a kan duk wanda ya warware. Muddin ba a ambaci asalin kowa ba, babu wani bambancin kirki tsakanin ɓangarorin biyu. Da aka kira sunan kowane yaro a bainar jama'a tare da ƙauyensu da zuriyarsa, sai ƙoƙarin yaran da ake rainawa ya faɗi ƙwarai. Zanen bai canza ba, kuɗin bai ragu ba, tuna musu kawai aka yi da su wane ne a idon mutane. Tsarin zuriya na Indiya ba ɗaya yake da namu ba, kuma zalunci ne a daidaita su. Amma mu ma muna da sana'o'in da ake ci da guminsu ana kuma raina masu yinsu. Akwai garuruwan da ɗan mahauci zai yi karatu ya ƙoshi, in ya je neman aure a ce a bincika asali. Karin maganar da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe yabo ce in an faɗa wa ɗan malami, amma akwai gidajen da in aka faɗa musu ita iyaka ake shata musu.

Me ya sa mutum zai yarda da hukuncin da ke cutar da shi? Dalili na farko shi ne yaro ba shi da wata hanyar sanin kansa sai abin da manya suka gaya masa, kuma mafi yawan munanan kalmomin da ke zama a zuciya ba daga maƙiya suke fitowa ba. Daga uwa suke fitowa a ranar da ta gaji, daga yaya, daga kawu mai barkwanci. Maganar maƙiyi ana iya watsar da ita, ta masoyi ita ce ake ɗauka gaskiya. Musulunci bai ɗauki wannan da wasa ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana mutum yin mummunar addu'a a kan kansa da 'ya'yansa da dukiyarsa, kuma ya kasance yana canza sunaye masu mummunar ma'ana. Buhari ya ruwaito labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato mai tsanani, wanda Annabi (SAW) ya so ya mayar da shi Sahl, mai sauƙi, ya ce shi ba zai canza sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ce tsananin bai gushe a cikin zuriyarsu ba bayan haka. Dalili na biyu ya fi ɓoyuwa: yarda da zaton tana da daɗinta. Wanda ya ce ni dama ba ni da kan lissafi ya huta da kunyar faɗuwa, domin ba a faɗuwa jarrabawar da ba a zauna ba. Sau da yawa ma sai a lulluɓe abin da rigar addini, a ce haka Allah ya yi ni, alhali abin da ya faru shi ne haka wani ya ce da ni ina ɗan shekara tara. Malamai sun sha bambanta tawakkali da zaman jiran tsammani, amma a bakin mai neman mafaka daga kunya duka biyun lafazinsu ɗaya.

A nan ne asarar take, kuma asara ce da ba ta da rajista. Yarinyar da ta zauna jarrabawar shiga jami'a ta faɗi, akwai takardar da ke nuna ta faɗi, ana iya duba inda ta gaza a gyara. Wadda ba ta sayi fom ba saboda an ce karatun likita ba na irinsu ba ne, babu inda aka rubuta ta. Haka bazawarar da aka ce ta zama ragowa ta karɓi auren da ta san ba zai yi ba, haka wanda ya taɓa yin ciwon taɓin hankali ya warke amma bai ƙara neman aiki ba don ya san abin da za a ce. Idan aka zo ƙirga, za a ga irinsu ba sa cikin likitoci, ba sa cikin ma'aikata, sai ƙirgar ta zama sabuwar hujja ga masu zaton.

Abin har jiki yake taɓawa. Becca Levy ta Jami'ar Yale ta bi bayanan mutum 660 masu shekara 50 zuwa sama a wani gari na jihar Ohio, waɗanda aka tambaye su tun da farko yadda suke kallon tsufansu, ko suna ganin mutum na zama marar amfani in ya manyanta. A sakamakon da ta wallafa a 2002, waɗanda suke kallon tsufa da kyakkyawan ido sun fi sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi, ko bayan an cire tasirin jinsi da wadata da kaɗaici da lafiyar da suka fara da ita. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sababi, kuma ajali na Allah ne. Amma hanyar ba ta da wuyar ganewa. Dattijon da ya yarda cewa ciwon gwiwa da hawan jini kayan tsufa ne da ba a yi musu komai ba zai je asibiti ba, ba zai sha magani a kan kari ba, zai daina tafiya masallaci da ƙafa, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana da sakamakonsa. A Landan, a 2020, an gwada mutum 60 da suka daina shan maganin rage kitsen jini saboda yana sa musu ciwon jiki. Aka ba su kwalabe na wata-wata, wasu da maganin gaske, wasu da ƙwayar da ba komai a cikinta, ba su san wanne ne wanne ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon da suka ji da maganin gaske sun ji shi da ƙwayar banza. Ciwon na gaske ne, tsammaninsa ne ya kawo mafi yawansa. Da aka nuna musu sakamakonsu, rabinsu sun koma shan maganin.

To, akwai masu ja, kuma ja mafi ƙarfi daga cikin masanan yake fitowa. Tun a shekarar da aka wallafa binciken Rosenthal, Robert Thorndike ya soki jarrabawar da aka yi amfani da ita, ya ce makin ƙananan yaran bai ma yi kama da abin da za a amince da shi ba. A 2005 Lee Jussim da Kent Harber suka tattara binciken shekaru fiye da talatin, suka ce tasirin zaton malami gaskiya ne amma yawanci ƙarami ne, ya fi yawan dusashewa da tafiyar lokaci a kan ya taru, kuma babban dalilin da ya sa zaton malamai ke dacewa da sakamakon yara shi ne malaman sun san yaransu. Haka binciken Claude Steele da Joshua Aronson na 1995 a Stanford, wanda ya nuna makin ɗalibai baƙar fata na faɗuwa in an ce musu jarrabawar ta auna basira ce, ya haifar da ɗaruruwan gwaje-gwaje, amma da aka sake gwada irinsa a kan 'yan mata da lissafi da ɗalibai sama da dubu biyu a ƙasar Holan, ba a ga tasirin ba. Dole a karɓi wannan. Wanda ya ce kalma ɗaya na mayar da haziƙi daƙiƙi ya wuce abin da hujja ta ba shi. Sai dai a lura da abu biyu. Su Jussim da kansu sun ce tasirin ya fi ƙarfi a kan yaran da suka fito daga rukunin da dama ake rainawa, wato inda zaton ba na malami ɗaya ba ne, na gari ne gaba ɗaya. Na biyu, mafi yawan gwaje-gwajen nan suna auna makin jarrabawar awa ɗaya ne ko na shekara ɗaya. Maki yana iya farfaɗowa in an samu sabon malami. Shawarar cire yaro daga makaranta a aji huɗu don an ce ba ya ganewa, wannan ba ta dusashewa. Ƙaramin tasiri in ya faɗo daidai mararrabar hanya ya isa ya canza inda mutum zai kwana.

Ja na biyu daga gida yake: ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wanda ya toshe kunne daga gargaɗi ya shiga uku. Gaskiya ne, kuma al'ummar da ta koya wa 'ya'yanta cewa duk mai faɗa musu aibinsu maƙiyi ne ta yi musu mummunar illa. Amma gargaɗi da yanke hukunci ba abu ɗaya ba ne, kuma ana iya rarrabe su. Tsohon ɗan kasuwar da ya ce wa saurayi kada ka zuba jarinka duka a tumatir a wannan watan, ga abin da zai faru da farashi in na fadama ya shigo, ya ba shi ilimi: magana ce a kan abu ƙayyadadde, tana da dalili, ana iya bincika ta, kuma ta bar masa abin yi. Wanda ya ce masa ku gidanku ba a kasuwanci bai ba shi komai ba sai nauyi. Maganar farko tana ƙara wa gwaji kyau, ta biyu tana hana shi. Kuma ko a inda zaton jama'a ya dace da mafi yawan mutanen wani rukuni, bai faɗi komai tabbatacce a kan mutum ɗayan da ke tsaye a gabanka ba.

Ja na uku shi ne wanda na fi ɗauka da nauyi: wannan magana tana iya zama hanyar ɗora wa wanda aka zalunta laifi. In an ce matsalarka ita ce ka yarda da abin da aka faɗa, to mai faɗar ya fita, gwamnatin da ba ta gina aji ba ta fita, sai a bar talaka da umarnin ya gyara tunaninsa. Akwai kasuwa guda ta masu laccar ƙarfafa gwiwa da ke cin abinci da wannan. Labarin da suka fi so shi ne na Roger Bannister, wanda ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu a Oxford ran 6 ga Mayu 1954, wai duniya ta ɗauka ba zai yiwu ba, da ya karya wannan imani sai John Landy na Ostareliya ya bi bayansa cikin kwana 46. Abin da ba sa faɗa shi ne, tun 1945 Gunder Hägg na Suwidin ya kai minti huɗu da daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, sai aka dakatar da shi da babban abokin hamayyarsa saboda karɓar kuɗi, yaƙin duniya kuma ya riga ya cinye ƙarni guda na matasan 'yan tsere. Horo da yanayi ne suka yi jinkiri, 'yan tseren sun daɗe da sanin abin na kusa. Yaron da ajinsu ba malamin lissafi, ko ya yarda da kansa kamar me, ba zai iya abin da ba a koya masa ba. Shi ya sa na fara da manaja da malami kafin in zo kan zuciyar wanda ake zargi, domin jerin haka yake, kuma nauyin gyara ya fi hawa kan mai iko. Dubi tsarin shiga jami'o'in tarayya a Najeriya, inda ake ware kashi 45 cikin ɗari na gurabe ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka kira masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda galibinsu na Arewa ne. Tsarin yana da dalilinsa, domin bayani ne a kan makarantu da tarihin zuwansu. Amma a bakin mutane yakan sauya ya koma bayani a kan kawuna, har ɗalibin da ya shiga da makinsa cikakke ya riƙa jin ana yi masa kallon ɗan alfarma, wani lokaci shi ma ya fara yi wa kansa. Maganin wannan makarantu ne masu kyau, ba lacca ba. Abin da nake ƙarawa kawai shi ne, ko an gina makarantar, wanda ya riga ya sallama ba zai shiga da ƙarfinsa duka ba.

Akwai kuma masu cewa raini ai zaburarwa ne, ga wane da aka ce ba zai yi ba ya yi don ya ba mara ɗa kunya. Ana samu. Amma waɗanda suka tsallake ne ake gayyata su ba da labari, sauran da rainin ya kwantar babu mai miƙa musu lasifika. Kuma in ka bincika labarin mai tsallakewar, kusan kullum za ka tarar da mutum ɗaya a gefe, kaka ko wani malami ko maƙwabci, da ke faɗa masa akasin abin da gari ke faɗa.

Abin da ke karya irin wannan zato, a iya abin da hujja ta nuna, ba yabo ba ne. A 1993 Indiya ta gyara tsarin mulkinta ta ware kashi ɗaya cikin uku na shugabancin majalisun ƙauyuka ga mata, a jihar Bengal ta Yamma kuma ƙauyukan da abin zai faɗa wa ba zaɓarsu ake yi da son rai ba, juyi ake yi. Wannan ya ba masu bincike, ciki har da Esther Duflo wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, damar kwatanta ƙauyuka 495. A inda mace ta yi shugabanci zango biyu, burin iyaye a kan 'ya'yansu mata ya matso kusa da burinsu a kan maza, burin 'yan matan kansu ya ɗaga, tazarar karatu tsakanin samari da 'yan mata ta rufe, lokacin da 'yan matan ke ɓatawa a aikin gida ya ragu. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, kuma ba a ga wata sabuwar kafar aikin yi ta buɗe wa matan ba. Gani ne ya kori ji: an tilasta gwajin da zato ya daɗe yana hanawa, mutane suka ga mace ta zauna a kujerar kuma rijiyoyi sun samu.

A cikin aji ma an ga makamancin haka a ƙaramin sikeli. David Yeager da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2014 da aka yi da yara 44 'yan aji bakwai a Amurka, rabinsu baƙar fata. Yaran suka rubuta insha'i, malamansu suka yi musu gyara da jan biro kamar yadda suka saba, ba sassauci. Sai aka maƙala wa kowace takarda 'yar wasiƙa da rubutun hannun malamin. Ta wasu tana cewa ga gyara nan don ka samu bayani a kan aikinka. Ta wasu kuma tana nuna cewa malamin ya yi wannan gyaran ne saboda ma'auninsa mai tsawo ne kuma ya san yaron zai iya kaiwa. Aka ba kowa zaɓin ya sake rubutawa ya dawo da shi ko ya bari. A cikin yara baƙar fata da suka samu wasiƙar farko, kashi 17 cikin ɗari ne suka dawo da gyararren aiki. A cikin waɗanda suka samu ta biyu, kashi 71. Yaran kaɗan ne, don haka kada a ɗora wa alƙaluman abin da ya fi ƙarfinsu. Amma a dubi abin da aka auna: ba basira ba, ba maki ba, ko yaro zai sake gwadawa. Jan biron iri ɗaya ne a takardun duka. Yaron da ya saba jin cewa irinsa ba sa iyawa yana karanta gyaran a matsayin ƙarin shaida a kansa, sai ya ninke takardar ya cusa a jaka. Da aka gaya masa dalilin gyaran a fili, sai ya karanta shi a matsayin aikin da ake jira ya yi, ya zauna ya yi shi.